Tsofaffin Lasifikokin Gombe da Tarihin da Ke Cikinsu

Kwana biyu an ji ni shiru, to ba wani abu ya ɓoye ni ba illa wata sabuwar ɗabi'a da na tsiro da ita, wadda maiɗakina ke kira tara shirgi, ni kuwa nake kiranta gyaran tsofaffin lasifikoki. A yau ina so in ba mai karatu labarin yadda abin ya faro, da ɗan tarihin da na tsinta a hanya, don na lura waɗannan akwatunan katako da muke jibgewa a sito suna ɗauke da labarin wani zamani na garin Gombe da ma Arewa baki ɗaya.

Mafarin zance

Na dawo gida a 2016, bayan shekara 19 ina zaune a birnin Bradford na ƙasar Ingila. Cikin kayan da na dawo da su akwai wani kaset da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya aiko mini a 1998. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, in kana da ɗa a ƙasar waje, ko dai ka sa a rubuta maka wasiƙa, ko ka tara iyali a gaban rikoda kowa ya faɗi saƙonsa, a naɗe kaset ɗin a ambulan a ba wani matafiyi. Mahaifina ya rasu a 2003, ban sami zuwa jana'izarsa ba, kuma wannan kaset shi kaɗai ne muryarsa da ta rage a duniya.

Wata rana na sa aka juye mini shi a waya, na kunna wa 'ya'yana don su ji kakansu. Abin da ya fito bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Mahaifina mutum ne mai kakkaurar murya, in ya yi sallama a zaure har cikin gida ana ji, amma a wayar sai ya koma kamar wani yaro mai mura. Ƙaramin ɗana har dariya ya yi. Ban yi masa faɗa ba, amma abin ya tsaya mini a rai, na ƙudurta sai na nemo abin da zai fito da muryar nan yadda na san ta.

Ana nan sai na je gaida Goggo, ƙanwar mahaifina, a Jekadafari. Na tarar ta sa an fito da tarkacen sito tsakar gida, tana jiran 'yan gwangwan su zo su ba ta robobi a madadinsu. Cikin tarkacen na hango akwatuna biyu na katako, kashin kaji ya rufe samansu. Na marigayi mijinta ne, wanda malamin gona ne da aka taɓa turawa kwas Ingila a shekarun 1970. Da na ce ina so, sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, duk zaman Turai ɗin da ka yi abin da ka koyo ke nan, kwasar bola?" Na juya bayan ɗaya na goge ƙura, sai ga rubutu: Wharfedale, samfurin Linton, an yi a Bradford. Shekara 19 ina garin, ban taɓa sanin ana ƙera irin wannan abu a can ba, sai da na dawo Gombe na tsince shi a ƙarƙashin kaji.

Inda abin ya samo asali

Irin lasifikar da muke amfani da ita a yau ta samo asali ne a 1925, lokacin da wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarinsu. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ana naɗe siririyar wayar tagulla ta zama zobe, wanda masu gyara ke kira koyil, a sa ta cikin wata 'yar siririyar kafa a tsakiyar mayen ƙarfe, sannan a manna ta da takarda mai siffar mazurari. In wutar sauti ta bi ta wayar, sai zoben ya riƙa motsi gaba da baya, takardar ta riƙa tura iska, kunne ya ji murya. A 1926 kamfanin RCA ya fara sayar da ita da sunan Radiola 104. Kusan shekara ɗari ke nan, amma in ka fasa lasifikar wayarka ko ta masallacin unguwarku, galibi wannan dabarar dai za ka tarar.

Shi kuwa mai kamfanin Wharfedale, Gilbert Briggs, asalinsa ɗan kasuwar yadi ne a Bradford, garin da ya yi suna a duniya da masaƙun ulu. Da kasuwar yadi ta karye, sai ya koma ga abin da yake sha'awa, ya haɗa lasifikarsa ta farko a 1932 a ɗakin ƙasa na gidansa da ke Ilkley, a kwarin kogin Wharfe, inda sunan kamfanin ya fito. Mutum ne mai son a gwada a gani. A 1954 ya cika babban zauren Royal Festival Hall na Landan da jama'a, ya sa makaɗa su yi kiɗa, sannan ya kunna irinsa ta lasifikokinsa, ya bar mutane su yi alƙalanci da kunnuwansu. Abin da Turawa ke nufi da hai-fai ke nan, wato sautin da ya yi kama da na asali har ka rasa bambancewa. A 1958 ya sayar da kamfanin ga rukunin Rank, samfurin Linton kuma ya fara fitowa a 1965.

Akwai mutum na uku da ya kamata a ambata, wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur. Kafin shi, duk mai son sauti mai kauri sai ya tanadi akwati kamar kabad. A 1954 ya nuna cewa in aka toshe akwatin ruf, iskar da ke ciki za ta riƙa riƙe takardar tana maido da ita kamar sifirin, ƙaramin akwati ya ba da amo mai nauyi. Wannan ne ya sa lasifika ta ƙanƙance har ta iya shiga falon ma'aikaci. A riƙe wannan batu na toshewa, za mu dawo gare shi in mun zo kan hunturun Gombe.

Yadda murya ta shigo Arewa

Kakanninmu da garmaho suka fara, mai wani da hannu da allura, wanda ba ya buƙatar wuta. Lasifikar gida ta farko da talaka ya sani ita ce akwatin rediyon waya. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara wannan tsari a Legas a 1935, ya iso Kano a 1944. Tasha ce guda ke kamo shirye-shirye, ta tura su ta waya zuwa gidajen da suka biya kuɗin haya. Akwatin ba shi da komai sai lasifika da maɓallin ƙara murya, ba ka da zaɓin tasha, abin da aka ba ka shi za ka ji. Daga baya Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a watan Maris na 1957, gidan rediyon Jihar Arewa da ke Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma rediyo mai batir ya sa ko makiyayi a ruga yana iya rataya duniya a kafaɗa.

A gefe guda kuma ga lasifikar ƙaho, wadda aka fi sani a motar majigi da taron siyasa, daga baya ta hau hasumiyar masallatai, akasari ƙirar Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan. Ita aikinta kai murya nesa, ba ruwanta da daɗin sauti. Ina ganin a nan kunnenmu ya saba da auna lasifika da ƙararta, har yau in mutum zai saya tambayar farko ita ce wat nawa ce.

Gombe da zamanin sitiriyo

Garin Gombe da muke ciki ba tsoho ba ne can. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa tana Gombe Abba ne, Turawa suka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan suka dawo da ita nan Doma a 1919. Abin da ya raya garin shi ne noma, musamman auduga, wadda ta bunƙasa a shekarun 1950 har aka kafa injin gurzarta, sai kuma jirgin ƙasa da ya iso a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Wagunan da suka fita da auduga da gyaɗa su suka dawo da kekuna da kwanon rufi da akwatunan rediyo.

Amma zamanin sitiriyo na sosai shi ne shekarun 1970. Farashin ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 a ganga tsakanin 1973 da 1974. Gwamnatin Janar Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji, aka ƙara albashi, mafi ƙanƙanta ya tashi daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, aka kuma biya ariyas tun daga Afrilun 1974. A farkon 1975 malamin makaranta da akawu da ma'aikacin reluwe suka wayi gari da dunƙulen kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi babur, da yawa kuma suka sayi saiti: abin juya faifai, da amfilifaya, da lasifika biyu, ɗaya a kowace kusurwar falo, uwargida ta saƙa musu 'yan mayafai ta ɗora furen roba a kai. Sunayen da aka sani su ne National da Sanyo da Akai da Kenwood da Pioneer da Sansui, wadda fuskar lasifikarta ke da sassaƙen katako kamar tagar gidan sarki.

Ta hanyoyi da dama kayan nan suka shigo mana. Akwai kantunan Kano da Jos da Kaduna. Akwai alhazai, waɗanda a ƙarshen shekarun 1970 ba a cika ganin wanda ya sauko daga Jidda ba tare da rikoda a hannu ba. Akwai ɗalibai da ma'aikatan da aka tura kwas, irin mijin Goggo, waɗanda ke auno kayansu ta jirgin ruwa. Sannan da masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki a 1979 tare da kamfanin Blue Circle na Ingila, an sami baƙin ma'aikata a wannan yanki, kuma al'adar baƙo ce in zai tafi ya yi gwanjon kayan ɗakinsa. A 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu, don haka abin da ma'aikacin Ingila ke saya, takwaransa na Gombe ma yana iya taɓawa.

Me ake ji a ciki? Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, waƙoƙin finafinan Indiya, kiɗan Sudan wanda mutanen Arewa maso Gabas ke matuƙar so, da su Jim Reeves da Don Williams a gidajen 'yan boko. Da asuba kuma ƙira'ar Abdulbasit ko Husari, da azumi kaset ɗin tafsiri. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya kori faifai a wurinmu, saboda ba ya tsoron ƙura kamar faifai, kuma kowa na iya ɗaukar muryarsa a kai, kamar yadda mahaifina ya yi.

Daga nan sai labari ya sha bamban. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka taƙaita shigo da kaya. A watan Satumba na 1986, ƙarƙashin shirin SAP, aka karya darajar naira, dala ɗaya ta haura naira 4 a gwanjon farko. Ma'aikacin da ya sayi Pioneer sabuwa dal ya koma ba ya iya sayen allurar faifanta. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, kasuwa ta riga ta koma hannun kayan Beljiyam da na roba masu araha, waɗanda in sun lalace ba a gyarawa sai dai a yar. Aka bi ta bidiyo da sidi har aka iso waya, tsofaffin akwatuna kuma suka koma sito.

A rumfar Baba mai gyara

Na ɗauki akwatunan Goggo na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen Tsohuwar Kasuwa. Ya haura saba'in, a Jos ya koyi aikin yana saurayi. Yaran da ya koya wa duk sun koma gyaran waya, shi kuma yanzu abincinsa na fitowa ne daga lasifikokin masallatai da amfilifayar masu wa'azi. Ya shafa katakon ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce, "Alhaji, a ina ka samo wannan? Rabona da irinta tun zamanin Shagari." Na ce, "Baba, so nake ka koya mini in gyara da hannuna." Ya yi dariya ya ce to sai in zo da tabarmata.

Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai jona wuta ba. Batirin tocila ɗaya ya ɗauko ya taɓa wayoyin baya, takardar babbar lasifikar, wadda suke kira ufa, ta yi tsalle waje. Ya ce tana da rai. Ya sa mita ya nuna mini cewa lasifika mai om 8 takan nuna wajen 6 in lafiyarta ƙalau, in kuwa mita ba ta motsa ba, to koyil ya ƙone. Sannan ya buɗe yatsunsa ya danna takardar a hankali, muka ji ɗaya tana ƙarar gogayya. Shekarun da ta yi a jingine cikin danshi sun sa ta saki, zoben yana taɓa ƙarfe. Maganin farko mai sauƙi ne, a kwance ta a juya samanta ya koma ƙasa. Da wannan bai wadatar ba, sai ya ɗaga 'yar hular tsakiya, ya hure ƙurar da ta shiga, ya yanka tsohon fim ɗin hoton asibiti sirara-sirara ya cusa kewaye da zoben don ya zauna daidai tsakiya, muka sake manna gefen takardar da gam, muka bar ta ta kwana kafin a zare.

A cikin akwatin akwai ɗan allon da ke raba sauti, ya tura mai kauri ga ufa, siririn kuma ga ƙaramar da ake kira tuwita. Kwandensan da ke kai yakan bushe in ya tsufa, sautin sama ya dusashe ko tuwita ta shiga haɗari. Muka canza su da masu lamba iri ɗaya, irin waɗanda ba su da kai da gindi. A nan na fara riƙe ƙarfen liƙi, na kuma ƙona yatsa.

Babban aikin shi ne katakon. Damina ta kumbura shi, hunturu ya busar da shi, shekara da shekaru, har gaɓoɓin suka buɗe. Kamar yadda na faɗa a baya, irin wannan akwati in yana shan iska amonsa ya tafi. Wani kafinta ya taimaka muka sake ɗaure shi da gam, muka cike inda gara ta fara ci. Abin da aka cusa a ciki don shanye amsa-kuwwa kuwa ɓeraye sun mai da shi sheƙa. Na fara lissafin yadda zan sa a aiko mini da wani daga Ingila, sai Baba ya ce, "Alhaji, kana Gombe kana neman auduga a Turai?" Muka sayo gurzajjiyar auduga wajen masu katifa, muka shimfiɗa ta sako-sako, muka sa ƙwayar kafur saboda ƙwari.

Ga mai sha'awar ya gwada, ga kaɗan daga abin da na koya. Ka tafi da batir da tocila. Ka duba zoben da ya kewaye bakin takardar: in na yadi ne yakan daɗe, in kuwa na soso ne, wanda kamfanoni da yawa suka yi amfani da shi a shekarun 1970 da 1980, to yakan ruɓe bayan shekara 15 zuwa 25, amma ana canza shi, kada ka bari a ce maka lasifikar ta mutu. Ka ɗaga akwatin ka ji nauyinsa, ka leƙa gindinsa don gara. Kada ka yarda a cire maka na asali a sa sabo na kasuwa don ya fi ƙyalli, domin an auna kowace lasifika ne da akwatinta. Kada ka ƙure ƙaramar amfilifaya, don gurɓataccen sautin da take fitarwa in an matsa mata shi ya fi ƙona tuwita. Sannan ka sa sitabilaiza, ka san halin wutarmu.

Kammalawa

Abin da ke damuna shi ne muna cikin tsere da 'yan gwangwan. Su mayen ƙarfen da tagullar suke so, katakon kuma ya shiga murhu. A Ingila na sha ganin mutane suna sammako kasuwar gwanjon ranar Lahadi suna farautar irin waɗannan kaya, har kamfanin Wharfedale, wanda yanzu yake ƙarƙashin rukunin IAG mai masana'anta a Sin, ya sake fito da sabuwar Linton a 2019 saboda masu begen tsohuwar. Mu kuwa muna musanya tamu da robar wanki. Su Baba ma ƙarewa suke yi, kuma in suka tafi ba wanda ya gaji sanin da ke hannunsu. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Mako uku muka yi a kan aikin. Ranar da aka gama, na aro dek ɗin kaset a wurin Baba, na ɗauko Goggo a mota bayan la'asar, na tara yara a falo. Kaset ɗin ya ɗan yi shuu, sai ga gyaran murya, sai ga sallama. Ba zan ce kamar yana ɗakin ba, don tsohon kaset ne da aka ɗauka da ƙaramar rikoda. Amma kaurin muryar ya dawo, har ana jin carar zakara a bayansa da tarin wata tsohuwa da Goggo ta ce kakarmu ce. Yana cikin yi mini nasiha in riƙe salla in kuma dawo gida da wuri, sai Goggo ta amsa da ƙarfi ta ce, "Ya dawo, Yaya," ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaron da ya yi dariya a da bai ce uffan ba, sai da aka gama ya ce a mayar daga farko.

Na yi wa Goggo tayin ta karɓi akwatunanta tunda sun gyaru, ta ce a'a, in dai biya ta robobinta. Na biya. Yanzu akwai wata Sansui guda biyu a rumfar Baba da muke jiran kafinta ya duba. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan a siton gidanku, ko wani tsohon kaset a ƙasan adakar mahaifiyarka, ka duba shi kafin mai kura ya biyo ta layinku. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da kyau da imani. Sai mun sake haɗuwa.